Farin Fentin Malam Dallatu

Ƙarfe bakwai na safe Malam Dallatu yake fara aiki a Kurudu, kuma kafin ya kurɓi shayi sai ya motsa gwangwanin farin fentinsa. Shekara ashirin da shida ke nan yana gyaran batir, tun daga na mota mai ruwa har zuwa na litiyam da baburan lantarki suka zo da shi. In aka kawo masa sabon batir, ko kallon lambar da aka buga a jiki ba ya yi. Sai ya cika shi da wuta, ya jona masa na'urar da ke zuƙe ta a hankali, ya zauna yana duban agogo har ta ƙare. Abin da ya samu shi yake rubutawa da fenti, ɓaro-ɓaro, dab da ƙaryar da aka buga a jiki.

Ƙaryar kuwa ta ishe ni, wallahi. A buga sittin, a gwada a sami talatin da huɗu! Mu ma da laifinmu, da mun ga babbar lamba da araha sai hankali ya tafi hutu.

Ku tambayi Zulkifilu, mai kai saƙon abinci Garki. An ce masa batirin zai yini, sai ga shi yana tura babur da rana tsaka, abincin mutane ya huce, ogansa ya ce in ya ƙara ya ajiye makulli.

"Malam, sabo ne fa," in ji shi, "ga sittin a jiki."

"Rubutu ba ya tura babur," in ji Malam Dallatu. Da ya kwance murfin, rabin cikin ne kawai batir, sauran ƙunshin yashi ne da aka cusa don ya yi nauyi.

Daga nan mahaya suka daina sayen batirin da babu farin fenti a kansa, abin da ya ɓata wa Oga Innocent rai. Shi ne mai shagon da Malam yake haya, kuma batir yake sayarwa a ƙofa ta gaba.

"Malam, abeg, wannan fenti naka yana kashe mini market. Ka gwada, ka faɗa wa mutum a kunne, no wahala. Amma in ka ƙara rubutawa, ƙarshen wata ka ba ni shago na."

Ni da kaina na je na ba Malam baki. Dattijo mai iyali, ya rasa shago saboda gwangwanin fenti? Taurin kansa ya ba ni haushi ranar.

"Abin da na faɗa a kunne, mutum ɗaya ne ya ji," ya ce da ni. "In gobe ya sayar wa wani fa?"

Ƙarshen wata ya kwashe kayansa. Yanzu a gindin dalbejiya yake, da wayar wuta da wani mai aski ya ara masa, in hadari ya haɗu ya rufe na'ura da leda.

Malam Dallatu, kai ne ma'aunin da ba a danna wa yatsa. Kai ka zaɓi rana da ruwa a kan ka bar wani ya tura babur a hanya.

Makon jiya sai ga Oga Innocent da batir a kwali, yana sunkuyar da kai.

"Malam, a duba mini wannan. Ba na sayarwa ba ne, ni zan hau."

Malam ya karɓa. Ya cika, ya zuƙe, ya rubuta talatin da tara kusa da sittin. Shagon dai har yau ba a mayar masa ba.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ku duba da kyau: wanda ya kore shi saboda fentin nan, da ya zo kan nasa babur, fentin ya nema.