Ranar da Na Sallama wa Yayan Matata Takarkari

Edita, ina gaisuwa, ina kuma roƙon ɗan fili a mujallarmu. Lokacin da wannan abu ya faru ni sabon zuwa ne a Dubai, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ina zaune da matata da 'yarmu a wani ɗan flat a Al Nahda. Mutum ne ni mai kunya, irin kunyar da ake yabo a gida a ce wane yana da tarbiyya. Wanda na fi jin nauyinsa duk duniya kuwa shi ne yayan matata. Ɗan kasuwa ne, yana da shago da ofishin cargo, na aika kayan mutane gida, a unguwar Al Sabkha, ya zauna a ƙasar nan tun ina sakandare. Shi ya aurar da ita bayan rasuwar mahaifinsu, saboda haka a wurina wa ne kuma uba ne. Ban taɓa kama sunansa ba, Yaya nake cewa. In ya yi magana, kafin ya rufe baki na ce to. Wallahi akwai ranar da ya ce da alama za a yi ruwa, rana kuwa ta ƙwalle, na ɗaga kai na ce ai ga hadari can yana haɗuwa.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, mutanenmu kan taru a shagon Yaya a ci mandi, shinkafa da nama irin na Larabawa, a yi hira. A cikinsu akwai wani baƙar fata ɗan Amurka, malamin makaranta da ke zaune a Abu Hail, ya musulunta tun yana saurayi, muna ce masa Malam. Shi ya koya musu wasan fantasi na ƙwallon Amurka, wannan ƙwallon mai siffar gwanda da ake rungumewa a ruga da ita. Kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tasa ƙungiyar a waya, duk abin da suka yi a fili can Amurka maki ne ke shigo maka a nan. Ba a sa kuɗi, Malam ya hana tun farko. Wanda ya zo na ƙarshe dai shi zai ciyar da jama'a, a kuma yi ta tsokanarsa har shekara ta zagayo. A shekarar mutum ɗaya ya koma Kano aka rasa mai cike gurbinsa, sai Yaya ya nuna ni da cokali ya ce ga surukinsa nan, a sa shi. Na ce to, ban ma san me na amsa ba.

Ashe abin zai shiga raina. A jirgin ƙasa na metro, tafiya aiki da dawowa, na dinga karatu ina kallon bidiyo, har na gane cewa ƙashin bayan ƙungiya shi ne wanda suke kira running back, mu muna cewa ɗan gudu, wato wanda ake danƙa wa ƙwallo a hannu ya kutsa cikin ƙarti ya tura ta gaba. A shekarar akwai samari biyu sababbin fitowa daga jami'a da kowa ke maganarsu. Sunayensu sun ƙi zama a bakinmu, sai muka laƙaba musu Zomo da Takarkari. Zomo gudu gare shi, in ya yi wata zilliya sai ka ga ƙato ya rungumi iska, ga shi ya iya cafe ƙwallo in an jefo masa. Amma a ƙungiyarsu akwai wani tsohon ɗan gudu da koci bai yarda ya ajiye ba, raba ƙwallo suke yi, kuma in an zo bakin layi, inda ake cin maki mai tsoka, tsohon ake ba. Masu tare masa gaba ma ba su da wani ƙarfi. Takarkari kuwa ba shi da abin kallo, gudunsa kamar na mai ɗauke da buhun gero. Sai dai shi kaɗai ne a gurbinsa, kocinsa ya yarda da shi, a ba shi, a sake ba shi, kuma waɗanda ke buɗa masa hanya ƙarti ne na gaske. Na ce a raina wanda ake yawan miƙa wa ƙwallo shi zai kawo maki, iya rawa ba ya shiga lissafi.

Ranar zaɓe layin Yaya ya zo kafin nawa. Ya ɗauki Zomo yana murna, ya ce ya kalli yaron nan, aljani ne ba mutum ba. Ni kuma na sunkuyar da kai na ɗauki Takarkari, aka yi min dariya aka ce likita ya sayi jakin kai kaya. Da aka fara wasa sai dariya ta koma ciki. Kowace Litinin da safe in na buɗe waya Takarkari ya tara min maki ba hayaniya. Zomo kuwa mako ɗaya ya haska, mako biyu shiru, daga baya ma ya gurɗe a idon sawu aka ce zai yi jinya. Na hau can kusa da sama, Yaya ya yi ƙasa. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba, amma in na je shago sai in yi fuskar tausayi kamar ni na ji ciwon.

Wasan ya yarda a yi musaya, wani ya aiko maka da tayi ta waya, ka karɓa ko ka ƙi. Wata Juma'a Yaya ya yi ta yaba Takarkari a gaban jama'a, ya ce yaron nan nawa ya hana shi sukuni. Ina hanyar komawa gida sai ga tayinsa ya shigo, wai in ba shi Takarkari ya ba ni Zomo, Zomon da ke kwance da ƙafa a ɗaure. Kai! Raina ya yi baƙi ƙirin, na ji kamar an ce in ba da babur in karɓi keke marar taya. Amma Yaya ne fa. Yadda aka rene ni, babba ba ya nuna sha'awar abinka ka tsaya nazari, balle suruki. Kafin jirgin ya kai tasha ta gaba na danna na karɓa, har ina yaba wa kaina cewa na yi abin kirki.

Ban isa gida ba guruf ɗinmu ya kama da wuta. Malam, wanda shi ne shugaban gasar, ya rubuta cewa wannan haɗa baki ne, babu mai hankalin da zai ba da lafiyayye ya karɓi majinyaci sai in an shirya, kuma a ƙasarsu irin wannan yana raba abokai. 'Yan Kano kuwa suka samu abin yi. Wannan ya ce Alhaji, wato Yaya, ya danne ƙarami, wancan ya ce ashe shi ya sa aka kawo suruki cikin gasa, don a yi kiwonsa a yanka. Wani ma ya ce to Allah ya sa ba haka ake yi wa kayan mutane a cargo ba. Wasa yake yi, amma mutumin da sana'arsa riƙe amanar kayan jama'a ba a yi masa irin wannan wasan. Ni kuma da zafin kare shi sai na zauna na rubuta dogon bayani, na ce babu wanda ya tilasta ni, Yaya uba ne a wurina, ko duk ƙungiyar ya nema zan ba shi ba tare da na tambayi dalili ba. Tabɗi. Da bakina na tabbatar musu da duk abin da suke faɗa. Malam ya soke musayar, ya ce in aka ƙara mu biyun za a cire.

Daga nan Yaya ya ɗauke min wuta. In na gaishe shi ya amsa a daƙile, a wurin cin abinci ya yi hira da kowa ya tsallake ni, 'yarmu ma da ya saba kira ya ji muryarta sai ya koma kiran uwarta kawai lokacin da ya san ina wurin aiki. Na shiga damuwa ba kaɗan ba. Mutumin da ya ba ni mata, ya tsaya min har na zauna da ƙafafuna a ƙasar nan, shi ne yau ba ya son haɗa ido da ni, a kan wani yaro a Amurka da bai san ina duniya ba. Duk tunanina fushin rasa Takarkari yake yi, har na fara neman wata dabara da zan bi in mallaka masa shi ba tare da Malam ya gane ba.

Da na gaya wa matata wannan dabarar, sai da ta yi dariya har ta ajiye ludayi, sannan ta wanke ni tas. Ta ce wa ya gaya min Yaya kyauta yake nema? Ɗan kasuwa ne, tayi ya yi. Ya taya ƙasa-ƙasa ne yana jira in ce albarka, ya ƙara, in ƙi, mu ja, a yi raha. Ni kuma na sallama a tayin farko kamar mai sayar da kayan sata, na fito na shelanta wa abokan kasuwancinsa cewa shi mutum ne da ba a iya ce wa a'a. Ta ce tun da babansu ya rasu kowa to yake ce masa, ƙannensa, ma'aikatansa, har ita kanta, kuma abin yana damunsa. A ganinta ya sa ni a wasan ne don ya samu wanda zai yi musu da shi a cikin dangi. Na san gaskiya ta faɗa.

Washegari da na tashi aiki na wuce Al Sabkha. Na same shi tsaye ana ɗaure kwalaye. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga min hannu ya ce in zauna. Ya ɗauki wayarsa ya ɗan latsa, sai tawa ta yi ƙara. Sabon tayi ne, Zomo da wani mai cafe ƙwallo a bakin Takarkari. Ya zuba min ido. Na ce albarka, da wata murya kamar ta sauro. Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa. Ya ƙara mutum ɗaya a kan tayin, na ce albarka. Sai ya ɗaure fuska ya ce in gaya masa me ke jikin wannan yaro mai nauyin jiki da nake riƙe shi haka. Nan bakina ya buɗe. Na yi masa bayanin yawan miƙa ƙwallo, da bakin layi, da ƙartin gaba, da tsohon da ke cinye wa Zomo rabo. Ban san lokacin da na ce masa ya sayi Zomo ne yadda ake sayen shadda don ƙyalli ba a taɓa an ji nauyinta ba. Ni kaina sai da na tsorata. Sai Yaya ya fashe da dariya har hularsa ta karkace, ya ce yalla, maza a kawo shayi, yau ya yi suruki. Muka yi ta ja har aka kira magariba, ciniki bai faɗa ba. Kafin mu fita salla ya rubuta a guruf cewa ya taya ya taya an ƙi, yaron nan ya fi 'yan sarin kasuwar Deira taurin kai. Malam ya amsa da cewa khalas, magana ta wuce.

Don kada in cuci Zomo, da ya warke ya dawo ya yi abin a zo a gani a ƙarshen kakar wasan, tsohon nan ya gaji aka bar masa fili, shi ya fitar da Yaya daga ciyar da jama'a. Ni ma ban ci gasar ba, Takarkari ya ɗan yi sanyi da aka gane salonsa. Wannan bai dame ni ba. Yanzu Yaya kan kira ni ya nemi shawara a kan abubuwan da suka fi ƙwallo nauyi, makarantar 'ya'yansa, da ko ya buɗe reshe a Kano, kuma in na ga ba daidai ba ina faɗa masa, cikin ladabi amma ina faɗa. Alhamdulillahi, ban taɓa jin daɗin zama da shi kamar yanzu ba.

Abin da nake so 'yan'uwana matasa su ɗauka, musamman mu da ke zaune a ƙasar wasu inda danginka ba su wuce mutum biyu ko uku ba, shi ne a duba irin ladabin da ake yi. Ni na ɗauka girmama Yaya nake yi, ashe kaɗaici nake ƙara masa, na kuma kusa ɓata masa suna a gaban mutanen da ke ba shi amanar dukiyarsu. Ba cewa na yi a daina jin nauyin manya ba, Allah ya kiyaye. Amma babban da kullum ake ce wa to ba shi da abokin shawara, kuma ranar da ya yi kuskure babu mai tare shi. In babbanka ya taya maka abu da arha, ka gaishe shi da kyau, ka gyara zama, ka ce masa albarka.