Shekara Biyun da Na Ƙara wa 'Yata

Sana'ata dillancin awaki a kasuwar Tsanyawa, bayan noman da kowa ke yi a ƙauyenmu. Duk wanda ya san ni ya san bakina. Akuyar da ta ga jikokin jikokinta, in na buɗe bakinta na dubi haƙora, sai in ce wa mai saye jiya aka yaye ta. Ya yi dariya, ya buɗe bakin da kansa ya duba, a yi ciniki. Shekara talatin ina rage wa dabbobi shekaru ban cuci kowa ba. Sau ɗaya tak na ƙara wa mutum, kuma 'yata ce ta fari.

Ranar da ake ɗaukar yara firamare na kai ta, ba ta cika shekara shida ba. A lokacin ba a tambayar takardar haihuwa a wajenmu. Yaro zai ɗora hannun dama ta saman kansa, in ya taɓo kunnen hagu to ya isa shiga aji. Yarinyar nan ta miƙa, ta miƙa, yatsun suka tsaya a hanya. Ni kuwa na riga na cika majalisa da labarin tana ƙirga awakin unguwa daga ƙofar gida har ta faɗi wadda ba ta dawo ba. Da wane ido zan koma da ita? Na ɗan karkata mata kai da tafin hannuna, na ce wa hedimasta ƙaramin jiki ne irin na dangin uwarta, shekararta bakwai cif. Ya dube ni, ya dube ta, ya rubuta. Ranar haihuwa kuwa ya ba ta wadda yake ba kowa, ɗaya ga Janairu. In ka ga rajistar makarantar nan sai ka rantse matan ƙauyenmu rana ɗaya suke haihuwa a shekara.

Kafin in isa gida na manta da zancen. Ranar haihuwar nan kuwa ta bi yarinya sakandare, ta shiga takardun jarrabawa, ta hau katin ɗan ƙasa, ta raka ta jami'a a Kano inda ta karanci tattalin arziki. Ita ma ta tashi da sanin shekarunta ke nan. Uwarta ta san gaskiya, amma kunyar 'yar fari ko sunanta ba ta barin ta kama, balle ta zauna lissafa mata shekaru.

Karatun shekara huɗu yajin aiki ya ja shi ya haura biyar, sannan bautar ƙasa. Ta dawo gida ana yankan dawa. Wata rana da hantsi ta zaunar da ni a tsakar gida ta zayyana mini inda mai irin karatunta zai iya dosa. Akwai ma'aikatun gwamnati masu tsara kasafi, amma ta ce sai kana da wanda zai ɗaga maka waya, mu kuwa babban mutumin da muka sani a duniya shi ne mai unguwa. Akwai ƙungiyoyi masu bin farashin hatsi kasuwa-kasuwa, su kuma sun fi son wanda ya taɓa aiki a wani wuri. Akwai koyarwa. Sai banki, wanda ke ɗibar sababbin masu digiri ya horar da su, kuma jarrabawa ce ke raba gardama. Ta ce nan za ta sa ƙarfinta.

Ta sa kuwa. Kullum bayan asuba tana gindin darbejiyar bayan gida, inda waya ke kamawa, tana amsa tambayoyin gwaji da agogo a gabanta. Da la'asar ni ne mai intabiyu. In zura babbar riga, in kife turmi in zauna, in murtuke fuska in tambaye ta me ya sa rago ke tsada kafin Sallah, ya faɗi bayan an sauko idi. Ta yi mini bayani tiryan-tiryan har na ji kamar shekara talatin ɗin nan da ka nake dillanci. Ta ci jarrabawar kwamfuta a Kano. Ta ci intabiyu. Saura tantance takardu, aka sa tsakiyar Disamba.

Ranar da aka sanar da lokacin ne ta karanto mana sharaɗin daga wayarta: kada mutum ya kasance ya cika ashirin da bakwai ranar tantancewa. Tana dariya ta ce Allah ya so ta, ranar tantancewar saura mako biyu ta tsufa. Lomar tuwon da ke hannuna ban san inda na ajiye ta ba.

Na lallashi kaina da cewa mako biyu ma lokaci ne. Sai aka ɗage da mako guda. Na shiga ƙirga kwanaki a yatsu kamar mai jiran hukunci. Ranar kasuwa wani ya kawo mini akuya, na buɗe bakinta na faɗa wa mai saye ainihin shekarunta, mai akuyar ya taɓa goshina ya ce in je kemis. Ana saura kwana uku sai wani saƙon ya shigo: an mai da tantancewa mako na biyu na Janairu.

Yarinyar nan ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardunta ta sa a jaka, ta koma taya uwarta sussuka. Wannan haƙurin nata ya fi bulala ciwo. Na ji tsoron faɗa mata. Na kuma ji tsoron abin da zai biyo bayan faɗar, don na san in muka je da wata takarda mai wata rana daban ana iya cewa jabu ce, a riƙe ta, sunanta ya ɓaci a duk bankunan ƙasar nan. Na rame har wandona ya nemi sabon mazagi.

Uwarta ce ta buɗe adakarta ta ciro katin awo na asibiti, naɗe cikin leda, da ranar haihuwa a jiki, tsakiyar kaka. Ta ajiye a gabana.

"Malam, ko ka faɗa mata, ko ni in ajiye kunya in faɗa."

Na sami yarinyar da safe tana zuba wa awaki harawa. Na miƙa mata katin, na ba ta labarin kunnen da hannu bai kai ba. Ta karanta sau biyu.

"Baba, wannan ma wasa ne?"

Na ce a'a. Ban taɓa jin bakina ya yi mini nauyi irin na ranar ba.

Ta ce za ta je da katin. Na ce ƙafata ƙafarta. Muka shiga bas daga Tsanyawa zuwa Kano da sassafe. A bakin get ɗin da ake tantancewa matasa sun yi layi, kowa da fayil a hammata, na ji wani yana raɗa wa abokinsa cewa rabin layin nan sun rage shekaru a kotu. Ni na zo da gaskiya, ga shi kamanninta ɗaya da ƙaryar kowa. Ta shiga, na zauna kusa da maigadi. Duk motar da ta tsaya sai in leƙa in ga ko 'yan sanda ne. Maigadin ya ba ni goro, na tauna ban ji ɗacinsa ba.

Azahar ta kusa sannan ta fito, ita kaɗai, da jakarta. Ta ce matar da ta duba takardun ta juya katin gaba da baya, ta ce ta yarda da ita, amma dole duk takardu su faɗi rana ɗaya. Ta je ta gyara, in an sake ɗiba ta nema, muddin ba ta cika shekarun ba. Babu wanda ya riƙe ta. Aikin ne dai babu.

Muka kama bas zuwa gida. Sai da muka wuce Bacirawa gonaki suka fara bayyana ta juyo.

"Kaka biyu suka rage mini, Baba. Gobe kotu za mu fara, kuma kai za ka rantse."

Na rantse, ban ƙara ko kwana ɗaya ba. Daga nan takardu suka shiga zagayen ofisoshi. An gyara katin ɗan ƙasa bayan zirga-zirgar da ta cinye mini takalmi biyu. Na jarrabawa da na jami'a har yau ana cewa a dawo. Ita kuma tana koyar da tattalin arziki a wata sakandare a Kunci, tana dawowa ta zauna gindin darbejiya da agogonta. Da la'asar takan ce in kife turmi, in kife, amma murtuke fuskar ba ya yi mini yanzu.

Kaka ɗaya ta wuce. Bana ruwa ya zauna da wuri, geron bayan gida ya kai mini gwiwa, maƙwabta sai barka suke yi mini. Ni kuwa kullum da safe in na fita na tarar ya ƙara tsawo sai in tsaya ina ƙirga kwanaki a yatsu, don ranar da aka sa masa lauje yarinyar nan za ta cika ashirin da bakwai ɗin gaske.