Wayata Ta Je Kumasi, Ni Ban Je Ba

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da: ba ta faɗin sunana, ba ta cin abinci kwano ɗaya da ni, in na shiga ɗakinta sai ta gyara zama kamar an yi baƙuwa. In tana nemana sai ta ce, "Ina waccan?" Kakata ce ta raine ni, a gida ɗaya muke a Argungu amma ɗaki daban. Autarmu kuwa, har ta yi aure ta haihu tana ɗora kai a cinyar Inna ana yi mata tsifa. Na girma ina kallo ina cewa ba komai. Ƙarya nake yi, abin yana ci na.

Inna tana da wa guda da ya rage mata. Fataucin albasa ya kai shi Kumasi tun kafin a haife ni, ya yi iyali can, bai sake waiwayo gida ba. Wata Asabar na zo daga Birnin Kebbi, inda nake aikin gwamnati, na tarar an bugo waya cewa ƙafafun Kawu sun daina ɗaukarsa. Inna na tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "In da hali, ina son in ga ɗan'uwana tun muna da rai."

Nan take na ce ni zan shirya tafiyar. Ba don Kawu na yi ba, Allah na gani, ban san shi ba. Lissafina daban ne. Kwana uku a mota, ni da Inna kafaɗa da kafaɗa, babu inda za ta gudu. Dole barci ya kwantar da ita a jikina. Kuma in na ɓace mata a tashar da ba ta san kowa ba, da me za ta kira ni? Ai "waccan" ba ta aiki a tasha.

Matsalar ita ce ni kaina ban taɓa wuce Abuja ba. Abokiyar aikina, wata 'yar Filato mai son yawo, ita ta nuna mini wani dandalin matafiya a intanet, inda direbobi da 'yan kasuwa ke amsa tambayoyin hanya. Na buɗe shafina, na rubuta cewa zan kai mahaifiyata tsohuwa Kumasi daga Kabi, ta ina zan bi? Kafin azahar har an fara faɗa a kaina. Wani ya ce ta Legas, wani ya ce kada in kuskura in kai tsohuwa cikin wannan cunkoso, in bi ta Kamba in tsallaka iyaka in shiga Gaya, in haye gadar kogi, in gangara Kwatano, daga nan Lome. Na ɗauki shawara ta biyun.

Wata biyu ina cikin dandalin nan, ko tuwo nake tuƙawa waya na hannun hagu. A can na ji cewa sai da katin rigakafin shawara ake ƙetare iyaka. A can wani direba ya ce kada in yarda a ba Inna kujerar da ke kan taya, bayanta ba zai ɗauka ba. Na san tashar da ke da wurin alwala na mata da wadda babu. Da Inna ta ce sai ta kai wa Kawu bandar kifin Argungu, na tambaya, aka ce in naɗe shi a takarda, leda tana sa shi gumi ya lalace. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kwatano ta aiko mini saƙo ni kaɗai: "Ki kawo Mama ta kwana wurina, ɗakina nata ne." Na kai Inna aka yi mata fasfo da allura, na nemi hutu a ofis aka ba ni.

Saura mako uku na je Argungu da takardar da na rubuta komai, ina karanta wa Inna tasha bayan tasha. Ta saurara har na gama. Sannan ta dubi bango ta ce, "Aiki bai barin waccan. Auta za ta raka ni."

Na ce, "Inna, na ɗauki hutu fa."

Ta ce, "To, sai a huta."

Na fito tsakar gida idona ya kawo ruwa. Auta ta biyo ni tana goye da ɗanta. Na ce mata, "Ke da ba ki san gabas da yammar Kamba ba, ke za ki kai ta Kumasi?"

Ta ce, "Yaya, ke ma kin sani. In kina kusa da ita, Inna ba ta cin abinci ta ƙoshi. Ko bayi ta matsu ba ta faɗa miki. Haka kika son ta yi kwana uku?"

Da ƙarya ta yi da na ji sauƙi. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji kamar in shaƙe ta. Na koma dandali na yi ƙorafi, wani bawan Allah ya ce to mu tafi mu uku mana. Na rufe shafin. Yaya zan yi masa bayanin cewa zamana a motar shi ne matsalar?

A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na sa Auta ta yi fasfo, amma na yi gum da zancen katin rigakafi. Mako guda cur ina riƙe da shi a ciki, ina hango yadda za a tsayar da ita a iyaka, a bugo mini a ce in zo in maye gurbinta. Sai da na tuna cewa Inna ce za ta tsaya a rana tana jira, sannan na kira Auta na ce ta shigo Birni. Ni na sa ta a Keke na kai ta asibiti aka yi mata allurar.

Wulaƙancin bai ƙare nan ba. Wayar Auta ƙarama ce mai tocila, ba ta shiga intanet. Lambobin direbobi, saƙon Hajiyar Kwatano, hotunan tashoshi, duk suna cikin tawa. Ran tafiya da safe, a tasha, na ciro wayata na miƙa mata, na karɓi tata. Inna ta shiga kujerar da na zaɓa mata, ta dubi ƙasa ta ce, "Allah shi yi albarka." Motar ta tashi da su da wayata.

Na koma ofis duk da hutuna, don zaman gida ya gagare ni. Abokiyar aikina ta riƙa buɗe mini dandalin a wayarta. Ashe Auta, 'yar rainin wayo, ta koyi sa hoto, kuma a shafina take sawa. Ga su a kan gada. Ga su suna cin ayaba a Lome. Ga Inna ta yi barci, kanta a kafaɗar Auta, baki a ɗan buɗe. A ƙasa mutane na ta rubutu: "Allah ya ba mu 'ya irinki." Hajiyar Kwatano ma ta ce ba ta taɓa ganin uwa da 'ya masu shaƙuwa haka ba. Na mayar wa mai waya wayarta na ce ina da aiki, alhali babu ko takarda ɗaya a teburina.

Sun dawo lafiya, da goro da sabulun salo. A tasha Auta ta miƙo mini wayata ta ce, "Yaya, na ɗauko miki wani abu a ciki. Ki saurara ke kaɗai." Na ɗauka wani iyayin ne, na jefa wayar a jaka.

Sai bayan la'asar, a ɗakina a unguwar Nasarawa, na kunna. Murya ce aka naɗa. Wani tsoho yana magana a hankali, ana jin ƙarar fanka.

"Wa ya shirya muku wagga hanya mai nisa?"

Muryar Inna ta ce, "Babbar ce."

"Mi ne na sunanta? Tsufa ya cinye min sunaye."

Na ji Auta ta fara magana, Kawu ya katse ta. "Ke, yi shiru. Uwatta nika tambaya."

Aka yi shiru, sai fanka. Har na ɗauka abin ya tsaya. Sai Inna ta faɗi sunana, ƙasa-ƙasa, ta ja ƙarshensa yadda kakata take ja. Ta ƙara da cewa, "Ita ta kawo ni."

Ban san sau nawa na mayar da wurin baya ba a ranar. Da Asabar ta zagayo na je Argungu, ina sallama na ji Inna daga ɗaki tana cewa, "Waccan ta iso? A ba ta ruwa." Babu abin da ya canza, kuma ban yi tsammanin zai canza ba. Kawu ya rasu da damina, ban taɓa ganinsa ba.

Na gode wa Auta, har atamfa na saya mata. Amma kishin bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Ita tana cikin ɗakin, ni murya kaɗai na samu. Rannan na daure na tambaye ta yadda fuskar Inna take lokacin da ta faɗa, ko ta yi murmushi, ko ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Wallahi Yaya ban duba ba. Wayar nika kallo, kada ta mutu."