Gilashin da Kika Manna a Ginshiƙi Ya Tsage

Ranar Talata, huɗu ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran Massandjé Diomandé, shugabar masu ɗakuna a benenmu na Marcory, nan Abijan. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ni Nanga Silué, tsohon magini, ban iya riƙe alƙalami ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Massandjé, shekara talatin da ɗaya muna zaune a bene ɗaya. Da matata ta rasu, ke kika ciyar da baƙina acheke, wato dambun rogo, da kifi har kwana bakwai. Amma babban alherinki gare ni shi ne, ke kaɗai kika yarda da maganata.

Da hannuna aka zuba ginshiƙan benen nan. Na sha faɗa cewa na gabas, wanda ke ɗauke da matakala, da yashin bakin teku muka kwaɓa shi, domin motar yashin kirki ba ta zo ba ran nan. Gishiri yana cin rodi ta ciki, ga shi har ginshiƙin ya fara tsagewa. Aka yi ta cewa tsufa ke damuna. Ke kuwa kika sauko, kika sa yatsa cikin tsagar, kika ce, "Koro, yayana, kanka ya fi simintinku tauri. To, me magina ke yi?" Na ce a manna ɗan gilashi a gicciye kan tsagar. In gini na motsi, gilashin zai tsage ya tona asiri. Da kanki kika manna shi.

Bana aka ce a ɗauki kamfanin da zai riƙa kula da benen. Wakilai huɗu suka zo, ba wanda kika zaunar a falo. Sai ki ce a je a ga rufi, ki biyo da mutum ta gaban ginshiƙin, ki ga ko zai lura da tsagar. Uku suka wuce ba su waiwaya ba. Ɗaya daga cikinsu, mai farar mota, ya shafa bango ya ce, "Tanti, fenti kawai, benen nan ya koma saurayi." Kika ce, "Ni ma ina shafa hoda, ɗana, amma gwiwata ba ta sani ba."

Ta huɗun mace ce mai takalmin roba. Ta tsaya, ta ƙwanƙwasa ginshiƙin da mabuɗi, ta kasa kunne. Ta ce, "Wa ke kwana a bayan nan?" Na ce ni ne. Ta daɗe tana kallona. Ita ta ce sai an tokare matakalar da ƙarafa, gida shida na gabas su tashi wata biyu. Shi ya sa mutane ba sa son kamfaninta. Mai fenti suke so.

Lahadin nan za a yi zaɓen. A benenmu ba hannu ake ƙirgawa ba, faɗin ɗaki ake aunawa. Naki biyu ne a haɗe, sun rinjayi irin nawa biyar, kuma da su mu masu son mai takalmin roba muke tsaye. Yanzu babu ke.

Massandjé, ranar Alhamis da safe na tarar gilashin ya rabu biyu. Na nuna wa mataimakinki Gnagne, ya ce, "Tsoho, ƙwallon yara ne." Ƙwallo ba ya shiga wannan lungu. Tun ranar nake jin takun kowa a kaina, na masu ɗauko ruwa da na 'yan makaranta, ina riƙe numfashi har su sauka. 'Yata ta ce in koma wurinta a Korhogo. Ba zan je ba. Ni na kwaɓa yashin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Karamoko a Bouaké da Nassénéba a Lyon. Allah ya ba ku haƙuri. Ku gafarce ni da roƙo cikin makoki: dokar benen ta yarda magada su aiko da takardar wakilci. Ku aiko kafin Lahadi, ku rubuta kamfanin mai takalmin roba. Abin da uwarku za ta zaɓa ke nan.

Allah ya jiƙanki, Massandjé, ya yafe kurakuranki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya sauƙaƙa miki ƙasar da ke kanki. Mu kuma ya riƙe mana abin da ke kanmu.