Sarakuna Biyu a Kife

A Zahle, duk wanda ya taɓa shiga motar haya zuwa Beirut a wancan zamani ya san Tanyus, wanda ake kira Abu Nakhle. Direba ne da ba ya wuce mota a kwana. Fasinja su yi ta tsaki, shi kuwa ya ce, "Dutsen nan ba inda za shi."

Yadda yake tuƙi haka yake karta. Kowace Alhamis da la'asar ake zaman kartar da ake kira foka a ƙarƙashin rumfar inabin gidansa. Ba a sa kuɗi, matarsa Wadad ta hana tun tana amarya. Busasshen wake ake zubawa, yana nan cikin gwangwani ɗaya shekara da shekaru. Abokan zama biyu suka rage masa, Melhem mai aski da Sarkis mai gyaran takalmi. Sauran, wasu suna bayan coci a kwance, wasu suna Kanada.

Abu Nakhle ne ya koya wa Melhem wasan, lokacin Melhem yana da gashi. Duk kati biyun da aka raba wa Melhem sai ya shiga wasa da su, kafin kofi ya huce wakensa ya ƙare.

"Kai mai aski," in ji Abu Nakhle, "kati biyu aka ba ka, ba aure aka ɗaura muku ba. In manya ne, ko tagwaye, ko maƙwabta masu kaya iri ɗaya, ka shiga. In kai ne farkon magana, ka ƙara tsantseni. Bakwai da biyu kuwa, kife su ka sha kofinka."

"To ni yaushe zan yi wasa, maigida?"

"Zaman da kake yi, shi ne wasan."

Doka ɗaya ce a teburin: katin da mutum ya kife, ba mai ɗaga shi. Abu Nakhle kan ce ba a tone kabari.

Lokacin tsinkar inabi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, yana kan tsani. Ya kwanta asibiti, ya dawo da sanda, hannun hagu a rataye, baki ya ɗan karkace. Magana ta dawo, tafiya ta dawo. Lambobi ne ba su dawo ba. Ya dubi kati ya ga baƙin fuska, kamar fasinjan da bai taɓa ɗauka ba. Masu hoto kaɗai yake shaidawa.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya, suna masa magana da ƙarfi kamar kurma. Ba wannan yake so ba. Kujerarsa yake so, a ci shi ya ci, Sarkis ya zage shi yadda ya saba.

Sai Melhem ya zama malami. Yakan rufe shago da wuri, ya zo ya baza kati a faranti.

"Wannan fa?"

"Shiga."

"Haba maigida, tara da uku! Ba aure aka ɗaura muku ba."

Abu Nakhle ya yi dariya da rabin baki. Ya san maganar, ya san mai ita.

Da aka koma zaman Alhamis, ya riƙa shiga da duk abin da aka raba masa, don kunya ba ta barinsa ya tambaya. Abin mamaki, sai ya yi ta ci. Wake ya taru a gabansa. Wadad tana leƙowa ta taga tana murmushi.

"Wannan ciwo naka a wace kasuwa ake sayar da shi?" in ji Sarkis. "Ni ma a auno mini."

"Kai da ko lafiyarka ƙalau ba ka iya ba?"

Makonnin nan ya ci abinci sosai. Har ya sa aka wanke tsohuwar motar.

Sai dai ciwon da ya ɗauke lambobi bai ɗauke fuskoki ba. Tun Melhem yana saurayi, in ya sami kati mai kyau kunnensa na dama kan yi ja. Abu Nakhle bai taɓa gaya masa ba.

Wata Alhamis aka raba. Abu Nakhle ya tura wake tsakiya. Sarkis ya kife. Kunnen Melhem ya yi ja kamar rumman.

"Shara ce," in ji Melhem, ya kife shi ma.

Abu Nakhle ya daɗe yana kallon kunnen. Sannan ya miƙa hannunsa mai lafiya, a hankali, ya ɗaga katin Melhem. Ba wanda ya hana shi. Sarakuna biyu ne, da gemunsu.

Ya buɗe nasa. "Karanta mini."

"Maigida, bar shi mana..."

"Karanta."

"Bakwai," in ji Melhem, idonsa a ƙasa. "Da biyu."

"Tun yaushe?"

Sarkis ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Melhem ya ce, "Gani muka yi kana dariya."

Abu Nakhle ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba. Ya tattara waken duka, nasa da nasu, ya zuba a gwangwani, ya ɗaga murya wajen taga.

"Wadad, jiƙa waken nan. Gobe a dafa."

Ta jiƙa. Washegari ya yini a kan wuta bai yi laushi ba, ya tsufa da yawa. Ta rasa yadda za ta yi, ta zuba wa kaji.

Melhem bai daina zuwa ran Alhamis ba. Da jakar aski yake zuwa, ya yi wa Abu Nakhle gyaran fuska a ƙarƙashin rumfar, su yi hirar ruwan sama da tsadar mai. Katin yana aljihun rigar Melhem, ana ganin shatinsa. Abu Nakhle kan dubi wurin, ya rufe ido, ya ɗaga haɓa a ci gaba da aski.