Wushiryar Inna Hajo

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina haɗa haƙoran roba, amma ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata da wata tsohuwa ta kwance bakin mayafinta ta ajiye mini aikina a kan tebur. Ku sababbin ma'aikata kuna yi mini dariya a bayan ido saboda ina damun mutane da tambayar tsohon hoto. Na sani, ba sai kun sunkuyar da kai ba. Ga dalilin.

A lokacin ni ne babban mai haɗa haƙori a sashen haƙori na wani asibitin gwamnati a Gusau. Ga wanda bai san tsarin ba, likita ke duba baki ta cire abin da ya kamata a cire, masu wankin haƙori na gefenta, mu kuwa muna can ɗakin baya. Mu ba mutum ake fara kawo mana ba, awon bakinsa ake kawowa. Ana cika wani ɗan faranti da ƙullu mai laushi a danna a baki, ya daskare ya ɗauko siffar dasashi. Mu zuba masa farin siminti, sai ga baki na dutse a hannunmu. A kansa muke jera haƙora cikin kaki irin na zuma, a gwada wa mai su, in sun yi a dafa su zama roba mai ƙarfi. Ni kuma a wancan zamanin ban yarda akwai mai jera haƙori kamata ba, tun daga Tsafe garinmu har Bungudu. Haka nake faɗa a gaban kowa, kuma ba da wasa ba.

Tsohuwar sunanta Inna Hajo, ta haura saba'in. Mutuniyar Kekun Waje ce, amma ita da mai gidanta, Malam Garba, sun koma gidan ɗansu a Bungudu. Ciwon dasashi ne ya ci ta. Dattin nan da ke daskarewa a gindin haƙori, in an bar shi shekara da shekaru, yakan cinye ƙashin da ke riƙe haƙorin. Ta daɗe tana fama da gishiri da kanumfari, har ranar da 'yarta Saratu ta kawo ta wurin Likita Maryam, wadda ke shugabantar sashenmu. Haƙoranta huɗu na gaba, na sama, suna lilo, ga ruwa yana fita. Ba yadda za a yi, aka cire su. Bayan mako shida dasashi ya warke, aka turo mini awo.

Da na auna giɓin sai na ga ya ɗan fi faɗin haƙora huɗu. A nan ya kamata in tsaya in yi tambaya. Ban tsaya ba. Na buɗe akwati na zaɓo haƙora masu ɗan faɗi, farare tas, na jera su kafaɗa da kafaɗa, ko allura ba ta wucewa. Har na kira abokan aiki su zo su ga aiki.

Ranar gwaji na miƙa mata madubi na ce, “Inna, sun yi?”

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Sun yi kyau, ɗana. Allah shi yi albarka.”

Na ɗauki wannan a matsayin amsa. Ku riƙe wannan: tsohuwar ƙauye ba za ta dubi ma'aikaci mai farar riga ta ce masa aikinsa bai yi ba. Ko kaho ka dasa mata, albarka za ta sa maka.

Mako ɗaya da ba ta haƙoran sai ga ta, wai suna cin ta a dama. Na goge wurin. Bayan kwana biyar ta dawo, wai yanzu hagu ne. Likita ta haska baki ba ta ga ko ja ba, amma na sake gogewa. Zuwa na uku shi ne Talatar da nake faɗa muku. Ta shigo tana rufe baki da mayafi, Saratu na biye da ita. Na ce ta buɗe in gani, sai na tarar haƙoran ba sa bakin. A nan ta kwance ƙullin da ke bakin mayafinta, ta ajiye haƙoran a gabana. Na juya su, ko alamar an ci abinci da su babu.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce, “Haba Inna! Sau uku kina zuwa daga Bungudu kina sa ni ina goge aikin da ba shi da laifi, ashe ma ba kya sa su? In ba kya so ai sai ki faɗa, ga mutane nan cike da benci suna jira.”

Ta dubi ƙasa, tana murza bakin mayafin da yatsu. Har yau in na tuno yadda na ɗaga mata murya sai in ji kunya ta rufe ni.

Saratu ce ta yi magana. Ta ce, “Malam Lawali, ka yi haƙuri. Haƙoran ba su da laihi. Baba na ba shi cin abinci.”

Na ce, “Me ya haɗa cin abincin Baba da haƙoran Inna?”

Sai ta ba ni labari. Malam Garba ya shekara uku da ciwon mantuwa irin na tsufa. Ya manta 'ya'yansa, ya manta sun bar Kekun Waje, wani lokaci yakan nemi fartanya wai zai tafi gona. Mutum ɗaya ta rage masa, matarsa, kuma ba ya karɓar ko ruwa sai daga hannunta. Tun da aka cire mata haƙora ta koma rufe baki in za ta yi magana, shi kuma ya fara tambayar ina Hajo ta tafi. Takan lallaɓa shi ya ci loma biyu uku, tana cewa a ranta in haƙora sun zo komai zai daidaita. Ranar da ta sa su, ta ɗauki kwanon fura ta zauna gabansa ta yi masa murmushi. Ya dube ta da kyau, ya gyara zama, ya yi mata sannu da zuwa irin ta baƙi. Ya ce ta ajiye furar, shi ba ya sha sai Hajo ta dawo. Daga ranar abin ya ƙara lalacewa. In ta sa haƙoran baƙuwa ce, in ta cire ma baƙuwa ce. Tsoho yana ta ramewa a gabanta, kwano na hannunta.

Ina sauraron Saratu ina kallon bakinta, don mu wannan ciwonmu ne, ba ma iya kallon mutum a ido sai a haƙori. Sai na ga wushirya a tsakanin haƙoranta na gaba. Nan take giɓin nan da ya fi huɗu faɗi ya faɗo mini a rai.

Na juya na ce, “Inna, kina da wushirya da?”

A karon farko ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Ita Malam yag gani yab biyo ni har gidanmu. Shekara hamsin da wani abu, in shina son tsokana ta, sai shi ce ƙwayar dawa na wucewa ba ta yi sallama ba.”

Na ce, “To me ya hana ki faɗa tun ranar gwaji?”

Ta ce, “Ɗana, kai ka yi wahala ka toshe rami. In ce maka ka buɗe wani? Sai ku ce tsohuwa ta haukace.”

A ƙa'idarmu ba a sake sabon aiki sai likita ta sa hannu a kati. Na ɗauki katin na same ta a ofis, na ce, “Likita, na yi kuskure,” kalmar da ba ta taɓa ji daga bakina ba, har ta ajiye biro. Da na gama bayani ta ce, “Malam Lawali, zan sa hannu. Amma kada ka yi wa matar nan alkawari. Haƙori ba ya warkar da mantuwa. Yana iya kallon ta ya sake yi mata sannu da zuwa, kuma wannan karon zai fi mata ciwo.” Gaskiya ta faɗa, kuma haka na gaya wa Inna ba tare da ragi ba. Ta ce a gwada.

Na nemi tsohon hoto. Aka kawo na katin zaɓe da wani na bikin suna, duka bakinta a rufe gam, kamar yadda iyayenmu ke yi in sun ga mai hoto. Don haka Saratu ta zama ma'aunina. Na sa tsinken ashana a wushiryarta, ya shige daidai. Inna ta ce tata ta ɗara haka kaɗan. Na zaɓo ƙananan haƙora, na bar tsakani, na rage robar da ke baya don duhun wurin ya fito kamar na gaske. Sai batun launi. Farin nan da nake taƙama da shi na bakin 'yar shekara ashirin ne, ba na matar da ta ci goro ta goga furen taba tun tana budurwa ba. Na ɗauko mafi duhun da muke da shi na ƙara masa ja-ja a gindi. Ta ce na hagu yana da ɗan ɓalli a gefe, tun wata rana da ta fasa ƙwallon goriba. Na ɗauki abin guga na ɓalle haƙorin da hannuna, zuciyata na cewa yau kam ka ɓata sunanka. Da na gama, wani abokin aikina ya leƙo ya ce, “Oga, wannan kuma wa ya yi maka shi?”

Wannan karon ban tambaye ta ko sun yi ba. Na ba ta madubi na koma gefe. Ta taɓa tsakanin da harshe, ta sake taɓawa, sai hawaye.

Ba aikina ba ne bin mara lafiya gida, kuma ban taɓa yi ba sai ranar. Na nemi izinin Likita, na bi su a motar Bungudu, muka isa bayan la'asar. Malam Garba na zaune kan tabarma a gindin darbejiya a tsakar gida, dogon mutum, rigarsa ta yi masa yawa. Inna ta dama fura ta zo ta durƙusa gabansa. Sai ga wata matsalar da ban hango ba: tsoro ya hana ta buɗe baki. Ta damƙe leɓe gam. Ya dube ta ya ce, “Sannu da zuwa. Hajo ba ta nan.”

Saratu ta juya baya. Ni kuma na rasa abin yi, sai na matsa na durƙusa na gaishe shi. Ya kalle ni daga hula har takalmi, ya ce, “Kai kuma daga ina?”

Na ce, “Daga Gusau, Baba.”

Ya ce, “Mutanen birni. To in wurin Hajo kaz zo, koma. An riga ka.”

Dariya ta ƙwace wa Inna, irin wadda ba a shirya ba, har da tuntsirewa, fura na zuba a zaninta. Tsohon ya juya. Ya tsura wa bakinta ido, ya daɗe. Sannan ya ɓata rai ya ce, “Ke Hajo, ina kinka shiga tun sahe? Kin bar ni da baƙi, ga yunwa.”

Wata uku ne wannan “tun safe” ɗin. Ta ce, “Na zo, Malam. Ga ni.” Ta miƙa masa ludayi, ya karɓa. Ni dai na tashi na fita zaure, don babban mutum ba ya son a gan shi yana share ido da hula.

Kada ku ce na warkar da shi. Likita ta yi gaskiya, mantuwar na nan, akwai ma ranakun da yakan sake ɗaukar Inna baƙuwa. Amma ta samu dabara: sai ta yi masa dariya, shi kuma ya miƙo hannu. Haka ya ci daga hannunta har Allah ya karɓi abinsa da damina ta zagayo.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da an kawo Inna wankin haƙori shekaru kaɗan kafin nan, da haƙoranta na Allah suna bakinta, da duk wannan bai faru ba. Shi ya sa nake cewa ku riƙa kai iyayenku a duba musu dasashi tun haƙori bai fara motsi ba, kada ku jira sai sun kasa tauna. Ku kuma da za ku gaje mu a ɗakin baya, bakin dutsen nan da ake kawo muku giɓi kawai yake nunawa. Ba ya gaya muku abin da ke wurin da, ko wanda ya saba ganin sa. Ku fita ku ga mai bakin, ku tambaya, in ta ce sun yi kyau ku sake tambaya.

Haƙoran farko da na haɗa, Inna ba ta tafi da su ba. Suna cikin aljihun teburina har yau, duk mai so ya zo in nuna masa. Farare ne, a jere, ko allura ba ta wucewa. Ban taɓa yin aiki mai kyansu ba, kuma saura kaɗan su kashe wani tsoho da yunwa.