Matan Da Suka Ɗebo Ruwan Ginin Coci

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, cocinmu na unguwar Muchia ya yi niyyar buga tarihinsa. Ina koyarwa a wata firamare a Samaru lokacin, sai aka ce tunda malama ce ni, in riƙe alƙalamin kwamiti. Shugabanmu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, mutum mai son ganin komai a kan layinsa.

Na yi watanni ina bin tsofaffi gida-gida. Wadda ta fi cika min kunne mahaifiyata ce. Ita da wasu mata, 'yan Kudancin Kaduna irinmu da matan Ibo da na Yarbawa masu sayar da kaya a kasuwa, su suka ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin farko, a ka, daga wata rijiya can bayan layin dogo. Ba sa jin yaren juna sosai, da waƙa suke daidaita tafiya. A wannan aikin Mama ta samu ciwon wuyan da har ta tsufa ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta duka.

Akwai wani mai shagon kwamfuta kusa da kasuwar Samaru, shi ke buga wa ɗalibai takardunsu. Can na kai rubutuna. Ya nuna min yadda manhajarsa ke jera aiki mataki-mataki: babban take, ƙaramin take a ƙarƙashinsa, wani kuma ƙarƙashin wannan. In ya ja take guda zuwa wani wuri, duk abin da ke ƙasansa sai ya bi shi, lambobi su gyara kansu. Yana iya naɗe komai, allo ya nuna manyan take kawai. Ni da na saba yanka takarda da almakashi ina mannawa, abin ya burge ni ƙwarai.

Matsalar ta fito ne da shugaba ya raba littafin gida biyu, Sashen Hausa da Sashen Turanci, domin sujada biyu ake yi a cocin. Matan ruwa kuwa na ko'ina ne.

Na ce wa mai shagon, "Ba za ka sa su ƙarƙashin duka biyun ba?"

Ya ce, "Malama, kowane take uba ɗaya gare shi. Sai dai in kwafa sau biyu, amma ranar da kika gyara ɗaya, ɗayan bai san an yi ba."

Na koma wurin shugaba na roƙi a ba su babban take nasu. Ya cire tabarau ya dube ni.

"'Yata, ɗiban ruwa ba babi ba ne. Ki nema musu wuri a ƙasa."

Haka suka sauka: Sashen Hausa, ƙarƙashinsa gine-gine, ƙarƙashinsa ginin farko, sannan masu taimako. Mataki na huɗu. Matan Ibo da na Yarbawa ma suka tashi Hausawa da rana tsaka, don ba inda za a ajiye su.

A zaman kwamiti ba wanda ke karanta littafin duka. Takarda guda ake kawowa mai ɗauke da manyan take, a kanta ake gardama, wane fasto zai zo gaban wane. Abin da aka naɗe a ƙasa ba ya fitowa, don haka ko sau ɗaya ba a ambaci matan ba.

Bikin ƙaddamar da littafin ya matso, mai ɗab'i a unguwar PZ ya ce littafin ya yi kauri, ba zai gama a kan lokaci ba. Makon ina tsaron jarrabawa a makaranta. Da na samu na leƙa shagon, mai kwamfuta ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce shugaba ya zo da kansa, ya sa aka share duk abin da ya wuce mataki na uku, aka wuce da sauran PZ.

"Na ce masa akwai rubutu a ciki, Malama. Ya ce abu mai muhimmanci ai yana sama."

Na hau acaɓa zuwa gidan dattijon. Ya saurare ni har na gama, ya ce cikin sanyin murya, "Ba mutum muka cire ba, mataki muka cire. Ba wanda aka zaɓa, ba wanda aka tsana."

Wannan maganar ita ta fi ci min rai, don gaskiya ce a bakinsa. Bayanin irin kwanon rufin da aka saya ya tsira da shafi biyu, saboda yana mataki na uku.

Ranar biki Mama ta ɗaura zanen matan zumunta na coci, ta karɓi kwafinta a gaban jama'a tana murmushi. Da muka dawo gida ta zauna bakin ƙofa, ta miƙo min.

"Buɗe min wurin namu."

Na faɗa mata abin da ya faru. Ta shafa bangon littafin.

"Ko rijiyar ba a sa ba?"

"Ba a sa ba, Mama."

"Da kin bar ni da labarina a cikina, da ban sa rai ba. Har ƙawayena na gaya wa."

Na nemi a liƙa shafukan a bayan littafin, aka ce a bari sai bugu na biyu. Ba a taɓa yin bugu na biyu ba. Na ajiye aikin kwamiti, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Mama ba ta fasa zuwa sujada ba ko Lahadi guda. Amma daga ranar, duk sa'ad da na tambaye ta wani abu na zamanin da, ko da sunan wata tsohuwar maƙwabciya ne, sai ta ce, "Je ki tambayi kwamiti." Haka ta riƙa amsa min har ta rasu.